Shimfiɗar Sabuwar A-kori-kura

Cikin duk shekarun da na yi ina kula da motocin wani kamfanin fata a Challawa, akwai yini guda da har yau bai fita daga raina ba, wato ranar da muka fitar da sabuwar a-kori-kura ba da izinin manaja ba. Tunda kun ce in ba ku labarin aiki, ku da kuka zo bayanmu, to wannan zan ba ku. Amma sai na ɗan koma baya, don waɗanda ba su san harkar fata ba su gane.

A farkon shekarun tamanin ne. Muƙamina a lokacin shi ne mai kula da sufuri. Sunan ya fi aikin girma, don motocin ba su da yawa. Ni ke riƙe da makullai, ni ke cewa wannan mota ta tafi kwata, waccan ta tafi kasuwar ƙauye ta kwaso fatu, direbobi da leburori masu lodi kuma suna ƙarƙashina. A samana akwai manaja, Alhaji Mudi, wanda babban ofishinsa yake Bompai, sai dai ya riƙa leƙo mu. A gefena kuma akwai Injiniya Tukur mai kula da injuna. Ba ya ƙarƙashina, ni ma ba na ƙarƙashinsa, amma duk abin da ya shafi ƙarfe sai an ji ta bakinsa.

Ɗanyar fata ba ta jiran kowa. Da an feɗe dabba ake barbaɗa wa fatar gishiri, a ninke ta, a jibga a kan 'yan'uwanta. Daga nan sai ta yi ta tsatsafar da ruwa, gishiri da jini da kitse a haɗe. Wannan ruwan shi ne babban maƙiyin bayan mota. Yana bin kowace kafa, ya kwanta a lungun da tsintsiya ba ta kaiwa, ya ci fenti, ya ci ƙarfe. Injin mota na iya zama garau, amma bodinta ya zama rariya.

Haka tsohuwar a-kori-kurarmu ta zama. Tsakiyar bayanta ya ɓurme, aka ɗora fallen kwano a kan ramin, ana ta lallaɓawa, domin zamanin nan ne da kayan gyara suka yi wuya, sabuwar mota kuwa sai an yi ta jira. Ana gab da Babbar Sallah, wani lebura mai suna Isuhu, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, ya saɓo ƙirgin sa a kafaɗa, ya ja da baya a cikin motar. Kwanon ya zame, ƙafarsa ta faɗa ramin har gwiwa, bakin ƙarfen da tsatsa ta cinye ya tsaga masa sha-raɓa. Aka wanke masa a ɗakin shan magani na kamfani, aka sa aidin, aka ɗaure. Yana ɗingishi yana dariya ya ce mini, "Ba komi, Malam Inuwa, ƙahwa ce, ta saba." Na ba shi hutu ya je ya yi jinya a ɗakin da suke haya shi da yayansa Lawali, can cikin ƙauyen Challawa. Lawali ma leburanmu ne.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki sabuwar motar ta iso. Fara ce sol, kujerunta da ledarsu, bayanta yana ƙyalli kamar tasar amarya. Ma'aikata suka bar aiki suka kewaye ta. Alhaji Mudi da kansa ya rako ta. Ya shafa bayan da tafin hannu, ya juyo ya dube ni.

"Inuwa, ka ga motar nan? Ban san ranar da za a sake ba mu wata ba. Ko allura kada a ɗora mata sai an yi mata shimfiɗa a baya. Kai na ɗora wa zaɓin abin da za a shimfiɗa. In ta ruɓe kamar waccan, kai zan tambaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, fatun layya fa sun taru. Dillalai suna ta aiko mana."

Ya ce, "To sai ka hanzarta."

Ya shiga motarsa ya tafi, ya bar ni da makulli a hannu.

Daga wannan rana zama ya gagare ni. Damina ta ɗauke ke nan, zafi kamar ana gasa mutum. Fatun layya jibge a unguwanni da ƙauyuka suna jiran a kwaso su, in aka yi jinkiri gashi ya fara zuba, fata ta tashi daga aiki. Tsohuwar motar ita kaɗai ke ta safa da marwa da ɗaya direban, an daɓa mata katako a kan ramin. Sabuwar kuwa tana tsaye a inuwar darbejiya, direban da aka ba ta, Malam Hashimu, yana ta goge ta da tsumma. Dattijo ne, ya kusan haifata, ya yi tuƙin manyan motoci tun ina makaranta. Da safe ya goge, da hantsi ya sake gogewa, in na gifta ya bi ni da ido.

Shi ne ya fara kawo tasa shawarar. "Malam Inuwa, me ake jira ne? Katako za a sa. Duk manyan motocin da na tuƙa katako ne a bayansu. Gishiri ba ya cin itace."

Injiniya Tukur ya ji, ya girgiza kai. "Gishiri ba ya cin itace, Malam Hashimu, amma itace yana shan ruwan gishiri. Zai jiƙe ya kwanta a kan ƙarfen dare da rana. Ƙusoshin da za ka kafa shi da su kuma, kowace ƙusa ƙofa ce. Farantin ƙarfe mai kauri za a kawo, a yi masa walda gefe da gefe, a huta."

Malam Hashimu ya ce, "Injiniya, ka taɓa taka jiƙaƙƙen faranti da kaya a kafaɗa? Santsi ne da shi kamar kuɓewa. Ga nauyi, sai motar ta zauna tun ba a ɗora mata komai ba."

Ni kuma raina yana kan roba. Na san wani ma'ajin sito a Bompai, a wani kamfani da ke amfani da dogon bel mai jan buhuna, irin mai faɗin nan da kauri. In ya tsufa nannaɗe shi suke yi su jefa bayan gini. Roba ba ta tsatsa, ba ta shan ruwa, ƙafa ba ta zamewa a kanta. Da na faɗa, su biyun suka haɗa kai a kaina. Injiniya ya ce ruwa zai shiga ƙarƙashinta ya rasa hanyar fita, rana ba ta ganinsa, iska ba ta busar da shi. Malam Hashimu ya ce in zafi ya buge ta warin taya zai kama fatun.

Abin da ya hana ni sakat shi ne kowannensu yana da gaskiya a kan aibin na ɗan'uwansa.

Na hau babur na shiga yawo. Na je Sharada wurin masu walda, na tsaya ina kallon wata mota da aka yi wa faranti bara. Daga sama lafiya lau, da na durƙusa na leƙa ƙasa sai na ga tsatsa ta bi layin waldar kamar gara. Na je Na'ibawa wurin 'yan katako, wani kafinta ya yi ta ƙwanƙwasa mini itace iri-iri, wannan ya yi nauyi, wancan yana lanƙwashewa in ya sha ruwa. Na ce ya fafe mini 'yan sanduna dogaye in je in gwada. Na wuce Bompai na roƙo nannaɗin bel guda, aka kawo mini a tsohuwar motar. Na dawo na jera su a bayan ofishina, guntun faranti, da katako, da roba, na ɗora wa kowanne jiƙaƙƙiyar fatar akuya, wai in ga abin da zai faru. Kowace safiya sai na ɗaga fatun in leƙa, da azahar in sake leƙawa, alhali na san abin da zai ɗauki shekara ba zai nuna kansa cikin 'yan kwanaki ba. In na zauna cin abinci, sai in ga na miƙe da loma a baki na koma wurin. A gida maiɗakina ta ce mini ko a barci lissafin katako nake yi.

Dillalai suna zuwa bakin ƙofa suna masifa. Alhaji Mudi yana aiko masinja daga Bompai da tambaya guda: an gama? In na haɗu da Lawali a wurin lodi nakan tambaye shi jikin ƙaninsa, ya ce da sauƙi, sai dai yana kukan wuyansa ya riƙe, wataƙila kwanciya ce ta yi masa yawa.

Ranar da nake ba ku labari Talata ce, bayan azahar. Ina tsugune a gaban gwaje-gwajena sai na ji ana kiran sunana da ƙarfi. Lawali ne, ya taho da gudu ba takalmi, ya je gida cin abinci ya dawo.

"Malam Inuwa, Isuhu! Bakinshi ya ƙi buɗuwa. Jikinshi duk ya sandare, yana banƙarewa. Ku taimake ni don Allah."

Ma'aikacin ɗakin shan maganinmu ya fito da jin hayaniya. Da ya ji bayani sai fuskarsa ta canja. Ya ce wannan ciwon sarƙe-haƙora ne, daga raunin nan ya shiga, kuma ba abin da zai iya yi a nan. A kai shi babban asibitin cikin gari yanzu-yanzu. Ya ƙara da cewa a kwance za a ɗauke shi, a kare shi daga hasken rana, a guji jijjiga, domin ƙara ko girgiza kaɗan na tayar da banƙarewar, numfashi kuma na iya tsayawa a cikinta.

Tsohuwar motar tana can wajen Wudil. Babbar motar kamfani tana kan jak ba ƙafafu. A wancan zamanin motar haya ba ta shigowa Challawa sai sa'a, ko an samu ma ba wurin kwantar da mutum. Na ruga ofis na ɗaga waya in nemi Alhaji Mudi, layin shiru, kamar yadda ya saba. Na fito na tsaya a bakin ƙofa. Makullin yana aljihuna, na ji shi a cinyata kamar garwashi. Malam Hashimu yana tsaye jikin motar da tsummansa, kallona kawai yake.

Na jefa masa makullin.

Da na kai hannu kan bayan motar sai na janye da sauri. Inuwa ta gusa, rana ta gasa ƙarfen, ko ƙwai aka fasa zai soyu. Ba yadda za a kwantar da mai ciwo a kai. Injiniya Tukur ne ya fito daga ɗakin injuna da giris a hannu, ya dubi motar, ya dubi tarkacena na bayan ofis, ya ɗaga murya.

"Ku kawo katakon nan! Ku jera su a tsaye, ku bar tsakani. Inuwa, ina bel ɗinka? A warware shi a kai."

Leburori suka yi caa. Aka jera sandunan, aka warware robar, Injiniya ya sa wuƙar fawa ya yanke ta daidai tsawon bodin, ya ninka ta biyu. Wani ya kawo tabarmar masallaci, wani ya kawo tamfol. Ba ƙusa, ba walda, ba wanda ya yi gardama. Muka shiga ƙauyen.

Na ga ciwo a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Isuhu, ƙaton saurayin da ke saɓar ƙirgin sa shi kaɗai, yana kwance haƙora a cije, leɓɓansa sun ja baya kamar mai dariya, gumi yana kwarara. Idanunsa kuwa a buɗe, ya gane ni sarai. Muka ɗauko shi a kan tabarma mu shida, muka shimfiɗe a bayan motar. Ni da Lawali muka hau, muka zauna gefe da gefe, muka ɗaga tamfol a kansa da hannuwanmu don ya yi masa inuwa.

Hanyar Challawa ta lokacin ba irin ta yanzu ba ce. Manyan motoci sun farfasa ta, ramuka ko'ina. Malam Hashimu ya riƙa shiga kowane rami kamar mai taka ƙwai, ya zagaye wanda zai zagayu. Raina yana cewa ya taka mota, hankalina yana cewa ya yi a hankali. Na buga rufin motar in ce masa ya ƙara wuta, kafin ya leƙo na ce a'a, ya ci gaba a haka. Ƙafata ɗaya tana kan ƙarfen gefe inda shimfiɗa ba ta kai ba, duk dukan hanya a nan nake jinsa har cikin ƙashi, ga zafi. Ɗayar tana kan robar, nan kuwa sai dai a ji laushi. Na lura tabarmar ba ta zamewa ko a kwana. Ban so in yi wannan tunani a irin wannan hali ba, amma ya zo mini da kansa.

Wajen Sharada wata tirela ta danna ham a bayanmu. Nan take Isuhu ya banƙare, bayansa ya tashi daga tabarma, ƙeya da dugadugai kaɗai ke ƙasa. Fuskarsa ta yi baƙi. Lawali ya saki tamfol ya kama kansa yana salati, yana kiran sunan Isuhu, yana kiran sunan mahaifiyarsu. Malam Hashimu ya tsayar da mota a tsakiyar hanya, ya fito, dattijon nan da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya nufi direban tirelar yana nuna masa bayan motarmu. Mutumin ya leƙo, ya gani, ya kashe injinsa. Motocin da ke bayansa ma suka yi tsit. Muka jira. Can sai jikin ya saki, numfashi ya dawo da wata irin ƙara. Malam Hashimu ya koma ya tayar da mota, tirelar nan ta biyo mu daga nesa a hankali, ta tare mana baya har muka fita daga Sharada.

A asibiti suka karɓe shi, suka kai shi wani ɗaki mai duhu, suka ce sai dai addu'a. Lawali ya zauna a wurinsa. Ni kuma na ce wa Malam Hashimu mu wuce Bompai, gara Alhaji Mudi ya ji daga bakina.

Muka same shi yana shirin tashi. Ta taga ya hango motar, ƙura ta rufe ta. Ya fito da sauri.

"Inuwa, me na ce maka?"

"Kun ce ko allura kada a ɗora mata, ranka ya daɗe."

"To me ka ɗora?"

Na gaya masa. Ya zagaya bayan motar, ya ɗaga gefen robar, ya dubi katakon, ya dubi fentin da ke ƙasa, ko ƙwarzane babu. Ya saki robar.

"Yaron da ya faɗa ramin tsohuwar motar?"

"Shi ne."

Ya cire hularsa ya share gumi. "Wane ɗaki aka kwantar da shi?" Ya shiga motarsa ya nufi asibitin, bai sake ce mini komai a kan izini ba, ranar ko bayanta.

Washegari muka zauna mu uku a gindin darbejiyar, ni da Injiniya da Malam Hashimu, aka gama magana kafin shayi ya huce. Injiniya ya janye batun faranti, amma ya kafe a kan abu biyu: a shafe ƙarfen da kwalta tukuna, a kuma huda ƙananan kafofi a kusurwoyi don ruwa ya samu mafita. Malam Hashimu ya samu katakonsa, sai dai ba a kafa shi a jikin mota ba, kafinta ya haɗa shi kamar gadon kara, mutum biyu na iya ɗaga shi. Robata ta hau sama. Na sa doka cewa duk ranar Asabar a sauke komai, a wanke, a shanya. Leburori sun yi ta gunaguni a kan wannan wanki, don aiki ne mai wari, kuma ba zan ce muku ba a taɓa tsallake shi ba. Fatun da suka lalace a kwanakin jiran nan sun lalace, dillalai biyu suka koma wani kamfani. Motar kuwa ta daɗe, na bar aikin na bar ta tana lodi.

Isuhu ya yi makonni a ɗakin nan mai duhu. Sau biyu Lawali yana zuwa aiki da jajayen idanu yana cewa an fid da rai. Amma Allah ya tashi kafaɗunsa. Ya fito a rame, kamar ba shi ba, ƙarfin saɓa kaya ya tafi. Aka ba shi aikin auna gishiri a sito, ya yi ɗan lokaci, bai ji daɗin zaman wuri ɗaya ba. Da damina ta kawo jiki ya zo ya yi mini sallama, ya ce zai koma Tasawa ya yi noma, gero ba ya da nauyin ƙirgi. Lawali ya riƙa kawo mini gaisuwarsa, har ya ce ya yi aure ya samu 'ya mace.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari, ku da kuke riƙe da makullai yanzu, shi ne mota tana da gaba tana da baya, mu masu yanke shawara kuma kusan dukanmu a gaba muke zama. Tun daga ranar, ban ƙara amincewa da wani gyara ko shimfiɗa ba sai na hau bayan motar da kaina, an bi da ni hanya mafi muni, na ji abin da lebura ke ji a ƙafarsa. Abu na biyu kuma game da mutanen wannan sana'a ne. Za ku gan su da taurin kai, direba da injiniya su yi mako suna jayayya a kan noti guda, har ku ɗauka ba sa ga maciji. Kada wannan ya ruɗe ku. Ku bar su su yi gardamarsu, domin a cikinta ake jin aibin kowane zaɓi. Ranar da aka ce ga ran mutum a hannunsu, ba za ku buƙaci ba da umarni ba, ku dai matsa ku ba su wuri.